Sadakar Robobi

"…lafiya lau na kwana, sai da na buɗe ido na gan ka ne lafiyar ta ragu."

"Ni kuwa mafarkinki na yi, amarya. Na gan ki da haƙora cike da baki, na farka ina murna, ashe sharrin barci ne."

"Ungo naka, marar mutunci! Matso nan. Yau wace rana ce?"

"Talata."

"Wane ne ubanka?"

"Ɗanki ne, ke kika haife shi. In kin manta in tuna miki."

"Yatsu nawa ka gani?"

"Uku. Biyu a miƙe, ɗaya sanyin ƙashi ya lanƙwasa. Wai Kaka, jarrabawar me kike yi mini kullum da safe?"

"Ba ruwanka. Shanye ruwan nan."

Haka Kaka da Auta suke gaisawa tun ranar da bakinsa ya buɗe. Ni ce yayarsa, tela ce ni, kekena kuma a baranda yake daidai tagar Kaka, don haka ko allura ce ta faɗi a tsakar gidanmu sai na ji. Kaka ita ta haifi babanmu, ita ce kuma ta raini Auta bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana ce masa maigida, yana ce mata amarya, kuma rana ba ta faɗuwa ba ta nemi saki ba. Abin da ban gane ba shi ne tambayoyin nan na rana da yatsu, da kofin ruwan da take tsare shi sai ya shanye, da turaren da take bankawa a ƙofar ɗakinsa har kaji suna tari. Kwanan nan ta tsiro da su. Na ɗauka sabon salon tsiya ne, ban sa abin a kaina ba.

A safiyar nan Auta ya fito fes, farar riga ni na goge ta da hannuna, takalmi sai ƙyalli yake. Ilimin kula da muhalli ya karanta, ya gama, ya dawo gida ya zauna har tabarmar zaure ta gaji da shi. Ba inda bai nema ba, wallahi. Sai kwanan baya wani abokin karatunsa ya tsegunta masa cewa kamfanin nan mai narka tsofaffin robobi yana buga kujeru da bulon shimfiɗa zai buɗe rumfar tarawa a unguwarmu, ana neman wanda zai riƙe ta. Sun ce takardar makaranta kaɗai ba ta ishe su ba. Duk mai so ya shiga gida-gida da lungu-lungu ya tara robobi, ya wanke, ya ware kowace da irinta, ya kawo ranar ganawa, ya yi bayanin yadda ya shawo kan mutane suka ba shi. Auta ya sha yawo har ya rame, ya cika manyan buhuna, ya jera su bayan tankin ruwa ya rufe da tsohon tamfol. Ni kaɗai ya gaya wa, ya kuma rantsar da ni. Kuma ban ga laifinsa ba. Duk aikin da Kaka ta ji zai nema, kafin azahar ta gama sanar da layinmu kaf cewa maigidanta ya zama manaja, in abin ya rushe kuma mata su yi ta sallama suna jaje.

Ya shanye ruwan yana yatsina fuska, ya zaga bayan tanki. Na ji an yaye tamfol, sai kuma shiru. Can sai ga shi a tsakar gida da tamfol ɗin a hannu, ido ya firfito.

"Yaya, ina buhunana?"

"Suna inda ka ajiye su mana."

"Babu! Ko murfin gora babu!"

Kaka tana zaune kan kujerarta 'yar tsugune tana juya shayi da cokali, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Allah ya raba mu da su lafiya."

"Amarya… ke ce?"

"Ni ce. Jiya da la'asar, kana can yawonka, wannan kuma ta tafi sayo zare. Na kira mai amalanke na ba shi duka."

"Sayarwa kika yi?"

"Allah ya tsare ni da cinikin shara. Sadaka na yi."

"Sadaka! Da robobina?"

"Da nawa zan yi? Ai da kayan mai ciwo ake yi masa sadaka."

"Wane ciwo kuma?"

"Kwantar da hankalinka, maigida, sauƙi ya fara samuwa. Ga shi yau ka yi wanka, ka kuma san Talata."

Ƙafata ta tsaya cak a kan keke. Sai a lokacin na haɗa yatsu da turare da ruwan kofi, lissafin ya fito.

"Kaka!" na ce. "Wai ɗauka kika yi Auta ya taɓu?"

"Ke, rufe mini baki! A gabansa ake faɗa? Da idona na gani. Ina dawowa daga dubiya, sai ga mutum tsundum cikin kwata har gwiwa, yana tsamo gora, ya ɗaga ta sama, ya leƙa gindinta, ya yi murmushi, ya jefa a buhu. Na ce wayyo Allah, ɗan wa aka jarraba haka? Yana waiwayowa sai na ga nawa ne."

"Lamba nake dubawa!" in ji Auta. "Kowace roba da lambarta a ƙasa, ita ke nuna irinta!"

"Kin ji ko, tela? Yanzu har gora tana yi masa magana."

"Aiki nake nema, Kaka! Yau ne ganawar, yau ɗin nan da hantsi! Buhunan nan su ne jarrabawata!"

"Aikin me ake nema da shara?"

"Aikin muhalli!"

"Oho, shi ne dai. Shekara da shekaru kana yi masa karatu, ko sabulu bai taɓa aiko mini ba. Ba shi ne bara ya kai ka wurin masu kafa faifan hasken rana ba? Aka ce hau rufin kwano, ka hau, ka leƙo ƙasa, sai da ƙarti suka saukar da kai kana salati."

"Jiri ne ya ɗebe ni, ranar ban karya ba."

"Sai dashen itatuwa. Ka bi bakin titi kana dasawa kyauta, wai aikin sa kai, awaki suna bin ka a baya suna godiya."

"Ai wasu sun rayu! Je ki gani, har sun fi ki tsawo."

"Wa bai fi ni tsawo ba? Ke tela, yi guɗa, mijina ya yi daji. Yanzu kuma bola. Ni da na auri mai digiri, an wayi gari ina zaune da angon bola. Ba ni takardata in kama gabana."

"Ba zan sake ki ba sai kin fito mini da buhunana. Wa ma zai kwashe ki? Ko kamfanin nan ba ya karɓar irinki, injinsu ba ya narka abin da ya daɗe haka."

"Ni? Da ƙuruciyata layi maza suke yi a ƙofar gidanmu."

"Layin ɗiban ruwa ne, gidanku ne kaɗai mai rijiya."

"Ko na rijiya ne, sun fi ka, su da guga suka zo, kai da me ka zo? Hannu biyu da dogon wuya!"

Ta gyara zama tana jiran ya rama. Bai rama ba. Ya jawo wani bokiti da aka kife ya zauna a kai, ya dafe kansa da hannu biyu. Tun da nake da Auta ban taɓa ganin Kaka ta jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni har cikin raina, haushin tsohuwar nan kuma ya cika ni, na rasa wanda zan fara da shi.

"Kaka," ya ce a hankali, "na gaji. Na gaji da zaman zaure. Na gaji da mutane su ce mini ya aiki, in ce alhamdu lillahi, alhali sun san babu. Wannan ne kaɗai wurin da ba su tambaye ni wa na sani ba. Cewa suka yi in kawo abin da hannuna ya yi."

Cokalin Kaka ya daina ƙara a cikin kofi. Ta dube ni.

"Tela, tsakaninki da Allah, aiki ne?"

"Aiki ne, Kaka. Lafiyarsa ƙalau. Ni ce na goge masa rigar."

"To kai don me ba ka faɗa mini ba?"

"Saboda ke gidan rediyo ce."

"Ni ce gidan rediyo? To da rediyo ce ni, da tuni gari ya ji kana hira da gora! Na haɗiye abin nan ni kaɗai, ko ubanka ban buga wa waya ba. Barci ya ƙaurace mini, ina ta tunanin me zan ce wa uwarka in mun haɗu. Ta bar mini yaro lafiyayye, na mayar mata da shi yana yi wa shara murmushi?"

Ta kai haɓar mayafi ta goge ido.

"Kuka kike yi, amarya?"

"Hayaƙin turarenka ne, sakarai."

Ana cikin haka sai ga sallama daga ƙofar gida, murya cike da fara'a.

"Salamu alaikum! Baba tsohuwa, ko akwai sauran sadaka?"

Mai amalanke ne. Auta ya zabura kamar an tsikare shi, sai da na riƙe masa riga.

"Malam, ina buhunan jiya?"

"Ai tun jiyan na kai wa dillali, babbar mota ta kwashe su da asuba. Kai, ban taɓa samun kaya masu tsabta haka ba, a wanke, a ware. Duk wanda ya yi aikin nan Allah ya ba shi lafiya."

"Amin," in ji Kaka.

"Lafiyata ƙalau!" Auta ya daka tsawa.

Bawan Allah ya ja da baya ya tsaya a bakin zaure yana rarraba ido. Rana ta fara hawa katanga, lokaci yana tafiya. Sai na ga Auta ya ɗago kai a hankali, idonsa ya sauka a kan ƙofar ɗakin Kaka ya tsaya a nan.

To, bari in gaya muku abin da ke cikin ɗakin nan. Tun da Allah ya yi Kaka ba ta taɓa yar da abu mai murfi ba. Gorunan ruwa, robobin man shafawa, jarkoki, bokitan fenti, kofuna, kwanukan roba da aka raba a bukukuwan mutanen da yanzu jikokinsu ma sun yi aure, duk suna nan, a wanke, a kife. Ƙarƙashin gado ya cika maƙil, saman kabad ya taɓo silin, bayan ƙofa kuwa sai an karkace ake shiga. Babanmu ya taɓa cewa zai kwashe su saboda ɓeraye. Kaka ta ƙulle kayanta a zani ta je ta zauna a ƙofar gida, duk wanda ya wuce ta ce masa ɗanta ya kore ta, sai da Baba ya mayar da kowace roba mazauninta ya haɗa da ban haƙuri. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ɗaga zancen.

"Amarya…" in ji Auta.

"A'a."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Idonka ya ce. Ɗauke shi daga ƙofata."

"Shara ce fa. Yanzu kika ce Allah ya tsare ki da ita."

"Taka ce shara. Tawa ajiya ce."

"Me ya raba su?"

"Taka a kwata ka tsinto, tawa da kuɗin mijina na gaskiya aka sayo, ba irinka ba."

"To me kike yi da su?"

"Ina ruwanka? Wata rana za su yi amfani."

"Tun ina rarrafe nake jin wata ranar nan. Kaka, yau ce wata ranar."

Kaka ta ɗaga kai. Ta dubi ƙofar, ta dubi farar rigarsa, ta dubi kofin da ta ba shi ruwan addu'a.

"Ke tela," ta ce, "wa ya koya wa mahaukacin nan magana?"

Sai ta kwance makulli daga haɓar zani ta wurga masa a ƙirji.

Kai, ranar na ga aiki! Na sa Auta ya tuɓe farar rigar ya rataye a igiya. Buhu babu ko ɗaya, don haka na fizge tsofaffin labulayen baranda na hau keke na ɗinke su buhu-buhu. Mai amalanke ya durƙusa yana cire murafe yana tarawa gefe. Auta ya shige ƙarƙashin gado, ƙafafunsa kawai ake gani, yana turo kaya waje. Kaka kuwa ta kafa kujerarta a bakin ƙofa, ba abin da zai fita sai ya bi ta hannunta.

"Ban da wannan jarkar. Kakanka ne ya sayo ta."

"Ta tsage, yoyo take yi."

"Shi ma da ya tsufa ba inda ba ya ciwo, ka ga na yar da shi?"

"Sake ta, amarya. Zan ce su narka ta su buga miki haƙora, kin ga kullum yana bakinki."

"Allah ya shirye ka! Ungo. Wannan kuma ta man shafawa ce, ranar sunanka aka kawo ta."

"Ashe sa'ata ce."

"Sa'arka ce. Ita ma har yau ba ta sami aiki ba."

"To yau za mu tafi nema tare. Miƙo."

"Wannan bokitin fa? Da shi na yi wa ubanka wanka."

"Shi ya sa har yau yake warin fenti."

"Zan gaya masa!"

"Ki gaya masa, in gaya masa kin yi sadaka da jarrabawata."

Da ya gama fito da su sai ya zauna a tsakiyar tulin yana warewa. Ya ɗauki roba, ya juya ta, ya duba lamba, ya jefa. Gorunan ruwa masu haske nan, jarkoki masu kauri can, kofuna da kwanuka gefe guda. Hannunsa har ba a gani don sauri, dama ya saba. Kaka ta zuba masa ido, sai ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya, irin ƙasa da muryar da har mai amalanke ya ji.

"Ga shi nan ya koma leƙen gindin gora. Tela, kin tabbata dai?"

"Na tabbata, Kaka."

"To. Amma turaren ba zan daina ba sai na ga abin da ya dawo da shi."

Daga can ƙarshen tulin Auta ya zaro wani ɗan kofi shuɗi mai hannu biyu, ya koɗe, bakinsa duk a tattaune. Ya juya shi, ya duba, ya cilla wajen buhu. Wallahi ban san Kaka tana da sauran zafin nama haka ba. A sama ta cafke shi.

"Wannan ba ya tafiya."

"Haba amarya, wannan ko kaza ba za ta sha ruwa a ciki ba."

"Kai ka sha. Da uwarka ta rasu, ba abin da ba mu ba ka ba, ka ƙi. Cokali ka ture, bulumboti ka ture, sai kuka har muryarka ta dishe. Na ɗauka bin ta za ka yi. A cikin wannan ka fara karɓar madara. Wannan taunar da kake gani, haƙoranka ne."

Mai amalanke ya sunkuyar da kai yana ta juya murfi ɗaya a hannu. Ni kuwa hawaye ya cika mini ido har zaren allura ya ɓace mini. Auta ya karɓi kofin, ya shafa bakinsa da ɗan yatsa, ya mayar mata a tafin hannu ya naɗe yatsunta a kai.

"Ashe," ya ce, "tun ina jariri na fi ki haƙora."

Kaka ta rafka masa mafici a ka. Muka fashe da dariya gaba ɗaya, muna yi muna share ido.

Aka loda amalanke har ya yi tozo, aka ɗaure da igiyar shanya. Mai amalanke ya rantse ba zai karɓi ladan dako ba, ya ce sadakar jiya ta biya. Auta ya wanke fuska, ya mayar da farar rigarsa, ya tsaya gaban Kaka.

"Yi mini addu'a, amarya."

"Wadda na yi ta yi maka kwanakin nan ta ishe ka har ka tsufa. Tafi. In sun ƙi ɗaukar ka, ka dawo mini da kayana, na san su ɗaya bayan ɗaya."

Da suka fita, Kaka ta leƙa ɗakinta ta yi gyaran murya, ɗakin ya amsa mata. Ta ja tsaki ta dawo baranda ta zauna kusa da kekena, kofin nan a cinyarta. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Kaka, lafiya na ga an fita da kaya? Ko tashi za ku yi?" Na ce a raina shi ke nan, an kunna rediyo. Sai na ji Kaka ta ce, "Gyaran ɗaki muke yi." Daga nan ba ta ƙara ko kalma ba. Na san abin da shirun nan ya ci mata, don har leɓenta rawa yake yi. Wuni guda ba ta ci abin kirki ba, motsi kaɗan ta dubi zaure.

Sai bayan la'asar Auta ya shigo, fuska a murtuke, da baƙar leda a hannu.

"Ina kayana?" in ji Kaka.

"Sun shiga inji."

"Kai kuma fa?"

"Ni ban shiga ba, sun ce na yi ƙashi da yawa."

"Auta, zan ci mutuncinka! Me suka ce?"

"Sun duba kayan, sun ce wariyar ta yi. Sai shugabar wurin ta ce in faɗi gida nawa na shiga. Na ce waɗannan dai gida ɗaya ne, ɗaki ɗaya ma. Na kwashe labari na gaya mata, tun daga kwata har sadaka."

"Ka tona mini asiri a gaban baƙi?"

"Har yatsu uku na faɗa. Ta yi dariya sai da ta cire tabarau. Ta ce ita ma tana da irinki a gida, ta yi shekaru tana fama, ko murfi ɗaya ta kasa raba ta da shi."

"Ƙarya take yi, babu irina."

"Haka na ce mata. Sai ta ce wanda ya raba tsohuwa da robobinta a safiya ɗaya, unguwa ba za ta gagare shi ba."

Ya zura hannu cikin ledar ya zaro wata koriyar riga mai tambarin kamfani, da safar hannu. Ya ɗaga su sama, bakinsa har kunne.

"Sati mai zuwa zan buɗe rumfa."

Na yi tsalle har na ture kwandon zare. Kaka ta rangaɗa guɗa, guɗar da ba haƙori ba ta fita daidai, amma kaji sun watse. Ta miƙe ta nufi katanga, sai ta tsaya ta waiwayo.

"Yanzu in faɗa?"

"Faɗa, amarya. Kunna rediyon."

"Jama'a! Maigidana ya zama manaja!"

"Mai kula da rumfa ne, Kaka, ba manaja ba!"

"Manajan bola! Duk mai tsohuwar roba ta ajiye masa, wadda ta zubar a kwata ni da ita!"

Sai da ta gama shelarta ta dawo tana haki, sannan Auta ya fito da abu na ƙarshe a ledar, gorar lemo mai sanyi, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga toshi. A janye maganar saki."

"Lemo ɗaya? Kai dai ba ka iya neman aure ba. Kawo. Takardar ka riƙe ta tukuna, zan duba halinka."

Ta tsiyaya masa kaɗan a ɗan shuɗin kofin ta ce ya sha, ya sha. Ita kuma ta kafa kai ta shanye sauran tas. Muna kallo ta jawo buta, ta ɗauraye gorar ciki da waje, ta girgiza, ta goge da mayafi, ta mayar da murfi ta ɗaure tam. Sai ta miƙe ta shiga ɗaki. Muka ji gora ta gangara ƙarƙashin gado ta bugi bango.

"Kaka!" in ji Auta. "Yanzu fa aka share ɗakin nan! Fito mini da gorar nan, aikina ne yanzu."

"Ba taka ba ce."

"Ta wa ce?"

"Ta ɗanka. Shi ma wata rana zai nemi aiki."

Auta ya dubi ƙofar ɗakinta. Sai ya zube a kan tabarma yana dariya, ya ɗaga hannu biyu sama, ɗaya da safa ɗaya babu.

"Na sallama, amarya. Ajiye masa. Gobe zan kawo miki ta biyu."